Murree 2022: an yi hasashen dusar ƙanƙara, amma ba a rufe hanya ba

1/ Kullum sanyi ya kama, sai matasanmu su cika kafar nan da bidiyon dusar ƙanƙara ana "Allah ka kai mu." Amin. Amma ku matso in ba ku labarin Murree ta ƙasar Pakistan, don duk mai wannan burin ya kamata ya san abin da ya faru can.

2/ Murree gari ne a kan tsauni, kusan mita 2,300 sama da teku, kuma ba shi da nisa da Islamabad. Wurin hutu ne tun zamanin mulkin mallakar Ingila. Hanyoyinsa matsattsu ne, ga kwana-kwana, ga gangara.

3/ Farkon Janairun 2022 hukumar hasashen yanayi ta ƙasar ta yi gargaɗi cewa dusa mai yawa na tafe, kuma hanyoyin Murree na iya toshewa. Jama'a suka ji rabin farko kawai. Cikin 'yan kwanaki motoci sama da 100,000 suka nufi garin. Har ministan yaɗa labarai na lokacin, Fawad Chaudhry, ya yi murna a Twitter cewa alamar arziki ce.

4/ Daren 7 ga wata dusar ta sauka, ta haura mita ɗaya. Motoci suka maƙale a hanya, babu gaba babu baya. Mutum 23 suka rasu, har da takwas 'yan gida ɗaya. Allah ya jiƙan su.

5/ Ra'ayina shi ne: masu hasashe sun yi aikinsu. Abin da aka rasa shi ne wanda zai mayar da "dusa na tafe" ta koma "daga yau ba mai hawa tsaunin nan."

6/ Me ya sa tsauni ya bambanta? Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Wato kana Islamabad ana yayyafi, a Murree dusa ce ke zuba. Wanda ya leƙa taga a ƙasa ya ce "ai ba komai" ya duba yanayin wani gari ne daban.

7/ Sannan ita hanya tana da nata lissafin. Dusar da tayoyi suka tattake tana zama ƙanƙara mai santsi. Mota ɗaya ta zame ta gitta a kwana, duk na bayanta sun tsaya. Motar share dusa ma ba ta da inda za ta bi, tunda cunkoson ya tare ta.

8/ Firaministan lokacin, Imran Khan, ya ce mutane sun yi tururuwa ba tare da duba yanayi ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma fa direba motar gabansa kawai yake gani. Wanda ke ƙirga motoci a mashigar hanya shi ya san garin ya cika. Shi ya kamata ya ce a tsaya. An hana shiga daga baya, lokacin da aikin gama ya gama. Bayan bincike gwamnatin Punjab ta cire jami'ai 15.

9/ Ga abin da ya fi ban tsoro. Ba sanyi kaɗai ya kashe su ba. Da yawa sun rufe gilashi, suka bar inji a kunne don ɗumi, dusa kuma ta toshe salansa. Hayaƙin ya dawo cikin mota.

10/ Iskar da ke cikin hayaƙin nan ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai, jiri, sai barci. Ita ce dai mai kashe mutane a wajenmu idan aka kunna janareta a cikin gida, ko aka kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu.

11/ To ɗalibanmu da ke ƙasashen sanyi, ku riƙe wannan. Ku duba hasashen wurin da za ku, ba na inda kuke ba. Ku duba sanarwar hukumar hanya daban. Idan kun maƙale, ku share dusar bakin salansa, ku kunna inji kamar minti 10 a kowace awa, ku ɗan buɗe taga.

12/ In kuwa an ce hanya na iya toshewa, wallahi ku haƙura da tafiyar. Hoto zai jira wani makon. Ku tura wa duk wanda kuka sani a can.