Ciwon Kan Da Ba A Jiran Gari Ya Waye



A watan jiya muka je ta'aziyyar wata baiwar Allah a nan Garki. Tana cikin girki ta dafe kai, ta ce tunda take ba ta taɓa jin ciwo irin wannan ba. Aka sayo magani a kemis, wasu suka ce iska ce, aka ce a bari sai da safe. Kwana biyu aka yi kafin a ɗauki hoton kanta, a lokacin jini ya sake ɓallewa.

Abin da ya same ta shi ne fashewar kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Bangon jijiya kan yi rauni a wuri ɗaya, ya kumbura kamar balan-balan. Kusan mutum 3 cikin 100 na manya suna da shi, kuma yawancinsu ba zai taɓa fashe musu ba. Hawan jini da shan taba su ne kan gaba wajen ƙara haɗarin.

Hanyoyin magani biyu ne. Ta farko, a buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, aikin da Dakta Walter Dandy ya fara a Amurka a 1937. Ta biyu, a zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko ta hannu har ƙwaƙwalwa, a cika kumburin da lallausan zaren filatinom, jini ya daskare a ciki ya toshe shi. Likita ɗan Italiya, Guido Guglielmi, ya ƙirƙiro ta, Amurka ta amince da ita a 1995.

An gwada su biyun a babban binciken ISAT, wanda mujallar Lancet ta buga a 2002, da majinyata 2,143 da kumburinsu ya fashe. Bayan shekara ɗaya, kashi 23.7 cikin 100 na waɗanda aka yi wa zaren sun rasu ko sun kasa kula da kansu. A ɓangaren tiyata kuwa kashi 30.6 ne.

Wani zai ce to ai magana ta ƙare, kowa ya nemi zaren. Ni ban ga haka ba. Binciken ya ɗauki waɗanda kumburinsu ya dace da hanyoyin biyu ne kawai. Kumburi mai faɗin wuya, ko wanda ya tara gudan jini mai danne ƙwaƙwalwa, sau da yawa tiyata ta fi masa. Kuma zaren kan lotsa kumburin ya dawo, shi ya sa ake komawa ɗaukar hoto, wani lokaci a sake aikin. Zaɓin na likitan ƙwaƙwalwa ne bayan ya ga hoto. Namu shi ne mu kai majinyaci da wuri, domin haɗarin sake zubar jini ya fi yawa a kwanakin farko.

Don haka idan ciwon kai mai tsanani ya faɗo wa mutum farat ɗaya, musamman da amai, sanƙarewar wuya, suma ko farfaɗiya, a wuce da shi sashen gaggawa na babban asibiti mai na'urar hoton kai da likitocin ƙwaƙwalwa, irin Asibitin Ƙasa da ke kusa da mu. A yi addu'a a cikin mota. Kada a ba shi asfirin, yana tsinka jini.

Kuɗin irin wannan aiki ya fi ƙarfin yawancinmu. Tun 2022 dokar NHIA ta wajabta inshorar lafiya, amma nawa ne cikinmu suka yi rajista? Wanda ya yi ma ya tambayi abin da tsarinsa ya ɗauka tun yana da lafiya.

Shawarata biyu ce ga taronmu mai zuwa: mu sayi na'urar awon hawan jini a riƙa gwada kowa a wurin taro, kuma mu ware asusun gaggawa wanda aƙalla zai biya kuɗin hoton kai a daren farko. Mai goyon baya ko mai gyara ya zo da bakinsa.

Allah Ya jiƙan wadda ta rasu, Ya ƙara mana lafiya.

Sakataren ƙungiya