Dangwala yatsa ba shi ne yarda ba



A jami'o'in Amurka, duk ɗalibin digiri na uku ko sabon dakta da zai yi bincike a kan mutane sai ya ɗauki darasin ladubban bincike tukuna. Wasu abokan karatuna suna ganin ɓata lokaci ne. Ni kam ban yarda ba.

Akan kawo misalin Tuskegee, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar baƙar fata masu ciwon tunjere ba magani, don a ga yadda cutar ke cin jiki. Mu ba sai mun je nesa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara 200, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin kuwa ya musanta.

Inda darasin ya gaza, a ganina, ya cika dogara da takardar sa hannu. Uwar da ɗanta ke kwance rai a hannun Allah, duk abin da aka miƙo mata dangwalawa za ta yi. A koya wa mai bincike ya yi mata bayani da harshenta, ya tabbatar mata ko ta ƙi, za a duba ɗanta.

A gaida mutanen gida.