Ciyawar Tankin Kifi: Ki San Ta Kafin Ki Nemi Magani

Wata 'yar'uwa ta rubuto mini cewa maigidanta ya kawo wa yara tankin kifi na gilashi haɗe da ciyawar ruwa ƙulli biyu. Kafin mako uku ciyawar ta ruɓe, ruwa ya yi wari, kifi biyu suka mutu, yara suka yi ta kuka. Ta sake sayo wata, ita ma haka. Tana tambaya wane taki za ta zuba. To 'yar'uwa, dakata da taki tukuna. Wace ciyawa ce ma aka sayar miki?

Akwai guda uku da suke kama kamar an tsaga kara: Egeriya, Elodiya da Haidirila, kuma sau da yawa mai sayarwa suna ɗaya yake kiransu. Ciro sili ɗaya ki duba gaɓarsa, kamar yadda kike duba gaɓar rake, ki ƙirga ganyen da ya zagaye ta. In uku ne ƙanana, Elodiya ce, 'yar Arewacin Amurka. In huɗu ne zuwa shida, dogaye masu santsi kuma a cunkushe, Egeriya ce, 'yar ƙasar Burazil da maƙwabtanta. In kuwa kin ja silin a tsakanin yatsunki kin ji kaushi, gefen ganyen da 'yan haƙora kamar zarto, wannan Haidirila ce, asalinta Asiya.

Amfanin wannan ƙirga shi ne zafi. Elodiya ciyawar ruwan sanyi ce. Egeriya ma da zarar ruwa ya daɗe yana kusantar digiri 30 sai ta yi laushi ta narke. Wasiƙar 'yar'uwar nan a watan Afrilu ta zo, kuma kowa ya san yadda falonmu yake a bazara in an ɗauke wuta. Ina kyautata zaton zafi ne ya kashe ciyawarta, ruɓewar kuma ta ɓata wa kifin ruwa. Haidirila ta fi su jure zafinmu nesa ba kusa ba.

Haka Kabomba da Ambuliya, masu ganye siriri kamar gashi. Kabomba ganye biyu ne a gaɓa, suna fuskantar juna, kowanne da 'yar sandarsa kamar mafici. Ambuliya kuwa ganyen zagaye gaɓar yake yi. Kabomba ta fi kyau, amma 'yar gata ce, sai da haske mai ƙarfi. Ni dai ga mai farawa Ambuliya nake ba wa shawara.

In kin san sunanta, sai ki duba daga ina ciwon ya faro. Idan ganyen ƙasa ne ke zuba, tazarar gaɓa da gaɓa tana ƙara tsawo, kan yana miƙewa sama tsirara, haske ne ya yi kaɗan. Tana buƙatar fitila awa 6 zuwa 8 kullum. Kada ki ce bari ki kai tankin bakin taga rana ta buga, gansakuka ce za ta rufe gilashin, ruwan kuma ya ƙara zafi. Idan tsohon ganye ne ke yin rawaya alhali haske ya wadata, yawanci naitirojin ne ya gaza, domin ciyawar kan janye shi daga tsohon ganye ta ba sabo. Idan kuwa sabon tohon sama ne ya fito fari-fari, sinadarin ƙarfe ne babu. 'Yan ƙananan huji a tsohon ganye kan nuna ƙarancin fotasiyam. A nan ne kawai takin ruwa na tankin kifi yake da amfani. Don Allah kada ki taɓa zuba takin gona irin su yuriya, guba yake zama ga kifi.

Wani lokaci ma ba ciwo ba ne. Idan gindin ne ya yi baƙi, duba ko da ƙullinta kika dasa ta. Kwance robar, yanke ruɓaɓɓen, ki dasa sili ɗai-ɗai da tazarar yatsa biyu. Idan kuma ganyen a yage yake, kifinki irin jajayen nan ne masu ruwan gwal, to su ne suka mai da shi salak.

Abin da kika yanke ki shanya ya bushe kafin ki zubar, kada ya shiga kwata ko kududdufi. Ta hanyar masu tankin kifi Haidirila ta shiga jihar Fulorida ta Amurka a shekarun 1950, ta toshe musu koguna da tafkuna, har yau suna kashe kuɗi wajen yaƙi da ita.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.