Tagar Sikolarite da Makomar 'Ya'yanmu

Kowace shekara idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, akan yi kwana biyu ana guɗa a gidajen da Allah ya sa 'ya'yansu suka ci, tun daga Mayo-Ulo da Durbeye har Gider. Daga nan sai murna ta lafa, a zauna a zaure, tambaya ta taso: to, yanzu sai ina? A zaton mafi yawanmu uba da ɗa ne suke yanke wannan shawara, ko kuma malamin lise. Mu dai abin da muka lura da shi shekara da shekaru shi ne, sau da yawa wanda yake yanke ta mutum ne da bai san yaron ba, yana zaune bayan wata 'yar taga mai ƙarafa a Garwa ko Marwa ko Ngaundere, wato ma'aikacin ofishin ɗaukar ɗalibai, wanda yara ke kira sikolarite.

Ɗan da ubansa ya yi jami'a, ko yayansa, ya san cewa wannan taga ƙofa ce kawai, bayanta akwai malamai da azuzuwa da ɗakin littattafai. Namu kuwa, 'ya'yan mahauta da teloli da 'yan koli da masu sayar da goro, galibi su ne na farko a zuriyarsu da suka kai wannan matsayi. A wurinsu tagar ita ce jami'ar gaba ɗaya. Idan aka sakar musu fuska, sai su koma gida su ce makarantar nan ta mutanen kirki ce. Idan aka daka musu tsawa, sai su ce ba wurinmu ba ne, kuma wannan magana takan zauna a unguwa har ƙannensu su taso su same ta.

Ya kamata mu tuna cewa zaɓin ma kansa sabon abu ne. Daga 1962 har zuwa 1993 jami'ar gwamnati guda ce a Kamaru, ta Yawunde, ko da yake akwai cibiyoyi a wasu garuruwa, ciki har da ta Ngaundere. Wanda ya ci bak a lokacin ba ya tambayar ina zai je, ya san hanyar kudu ce. A watan Janairu na 1993 aka raba ta, jami'o'in gwamnati suka zama 6, ta Ngaundere da ke Dang ta tsaya da ƙafarta, aka soke kuɗin tallafin da ake ba ɗalibai, aka sa kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara. A 2008 aka kafa ta Marwa, sa'an nan a watan Janairu na 2022 aka kafa ta Garwa tare da ta Bertuwa da ta Ebolowa. Ke nan yaron Mayo-Ulo na yau yana da jami'o'in gwamnati uku a arewa, ta kusa kuma tana babban birnin jiharsa. Wannan alheri ne, ba mai musu. Amma kusancin gini daban, sauƙin shiga daban.

A duba lokacin da ake wannan zirga-zirga. Watan Agusta ne da Satumba, tsakiyar damina, hanya ta jiƙe, rumbu ya yi ƙasa, gyaɗa ba ta iso kasuwa ba, kuɗin auduga kuwa sai rani. Yaro zai hau babur ko mota zuwa Gider, daga Gider kimanin kilomita 100 zuwa Garwa, in Ngaundere ya nufa kuma ya ƙara kusan kilomita 280 har da hawan dutsen Mbe. Wataƙila akuya aka sayar aka yi masa guzuri. Ya kwana a tasha ko a zauren wani ɗan'uwa, ya yi sammako ya shiga layi, rana ta take, ya iso gaban taga, a ɗaga takardunsa a ce ɗaya ba tambur, ko ba a buga mata hatimin sufurefe ba, ya dawo gobe. Ga ɗan birni, gobe gobe ce. Ga ɗan ƙauye kuwa wannan goben wata akuyar ce, domin sufurefen da zai buga hatimin yana can inda ya baro. Mun san wani yaro a unguwarmu, mai ƙoƙarin gaske a lissafi, wanda ya yi irin wannan tafiya sau biyu zuwa wata babbar makaranta da ba za mu kama sunanta ba, kowane zuwa a gaya masa abu guda da ya rage, ba a taɓa haɗa masa su duka a faɗa masa lokaci ɗaya ba. A zuwa na uku ubansa ya ce ya isa. Yanzu yana gyaran wayar hannu a kasuwa, kuma yana samun na tuwo, alhamdu lillahi, sai dai ba shi ya zaɓi haka ba.

Babban ramin da 'ya'yanmu suke faɗawa a gaban taga shi ne na suna da takardar haihuwa, kuma a nan muna so mu ɗan tsaya. Mu a gida mun san Muhammadu ɗaya ne, ko an kira shi Mamman ko Hamadu. Takarda ba ta san haka ba. Magatakardan da ya rubuta takardar haihuwa ya sa Mohamadou, malamin firamare ya sa Mohammadou da harafi biyu, a katin ɗan ƙasa aka juya sunan uba ya zo gaba. Abubakar ya zama Aboubakar a nan, Boubakary a can, Bouba a wani wurin. A'ishatu ta zama Aïssatou ko Aïchatou. Ga kuma waɗanda ba a yi musu takardar ba sam sai da jarrabawar ƙarshen firamare ta matso, aka ruga kotu aka yi musu ta cike gurbi, aka ƙiyasta shekara, wani lokaci aka rage biyu don kada a ce yaro ya girma. Duk wannan yakan kwanta shiru shekara goma sha, sai ranar da aka jera takardun a kan teburin sikolarite sa'an nan ya tashi. Ma'aikacin da ya san ƙasar nan, da ya ga haka zai ce wa yaro: wannan ba ƙarshen duniya ba ne, je ka ofishin magajin garinku ko na sufurefe a ba ka shaidar cewa sunayen nan na mutum guda ne, in kuwa gyara ne sai kotu, ga kwanakin da suka rage maka. Wanda bai damu ba sai ya tura dosiye waje ya ce na gaba. Yaron farko ya zama ɗalibi, na biyu ya koma gida yana zaton an kama shi da takardar jabu.

Sai maganar harshe. A ofis Faransanci ake yi, in an sassauta a yi Fillanci, wanda mafi yawanmu nan arewa muna ji. Yaro dai ya iya Faransanci tun da ya ci bak. Amma wanda zai biya kuɗin fa? Sau da yawa Alhaji ne yake rako, musamman idan 'ya mace ce, kuma tambayoyinsa ba sa cikin kowace takarda: ina za ta kwana, da wa, akwai masallaci, wa za a nema idan ta yi ciwo. Idan aka ba shi kujera aka amsa masa cikin mutunci, ko da ta bakin tafinta ne, to an sami ɗaliba. Idan aka bar shi tsaye a rana da babbar rigarsa, wani ɗan saurayi yana yi masa nuni da biro ya matsa, ba zai ce komai ba a wurin. A mota zai ce wa 'yar, kin dai ga yadda suka yi mini ina tsaye, ina ga ke kaɗai? Kafin sallar layya an ɗaura aure. Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba mu san inda wannan magana ta fi tsada kamar a nan ba.

Yanzu an ce an sauƙaƙa, rajistar farko ta koma intanet. Lalle an rage layi. Amma a wurinmu tagar ba ta ɓace ba, ƙaura ta yi zuwa shagon kwamfuta na bakin kasuwa, inda wani yaro da bai taɓa taka jami'a ba yake cike wa mutum ashirin takarda a yini, in an yi sa'a akwai wuta kuma layi bai yanke ba. Idan aka zo wurin zaɓen fanni sai ya ce, kowa shari'a yake sawa, in sa maka? Yaro ya ce sa. Shi ke nan an zaɓi aikin rayuwa a cikin minti ɗaya, don na baya yana jira. A nan ma ake ƙara ɓata sunayen da muka ambata, domin mai shago da kunne yake rubutawa.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne bayanin da ofishin yake da shi a aljihu amma ba ya isa ƙauye. Yara da yawa ba su san bambancin tsangayar da ake shiga da dosiye kawai da manyan makarantun da sai an ci konkur ba, ba su kuma san cewa ranakun konkur sukan wuce tun suna cikin murnar bak. Wasu ba su san ana karɓar sefa 50,000 ɗin nan kashi biyu ba, sai su ji jimla su karaya. Nawa ne cikinsu aka taɓa gaya wa cewa a Ngaundere akwai makarantar likitan dabbobi da ta sarrafa kayan abinci, alhali iyayensu da shanu da fata da gyaɗa suka tashi? Nawa ne suka san akwai tsangayar koyon likita a Garwa, ko makarantar kula da namun daji da ke garin tun 1970, wadda ɗalibai ke zuwa daga wasu ƙasashen Afirka? A ƙarshen 2008, da sakamakon konkur na farko na babbar makarantar horon malamai ta Marwa ya fito, 'yan majalisa da manyan arewa sun yi ca suna cewa an ƙware 'ya'yan yankin, har gwamnati ta ƙara yawan waɗanda aka ɗauka ƙwarai. An yi faɗa a kan yawan kujeru, an kuma yi nasara. Faɗan da ba mu ga an yi da irin wannan zafi ba shi ne na yadda ɗan ƙauye zai ji labarin kujerar kafin a rufe ƙofa.

Masu makarantu masu zaman kansu, waɗanda dokar 2001 ta buɗe wa hanya, sun gane abin da muke faɗa tun tuni. Su suke zuwa har ƙofar lise da takardu masu launi, su karɓi lambar waya, su kira uba su ce masa ranka ya daɗe. Ka je ofishinsu a ba ka kujera da ruwan sanyi. Ba laifi ba ne, wasunsu ma suna koyarwa da gaske, kuma karatun BTS na shekara biyu ya fitar da mutane da yawa kunya. Sai dai kuɗinsu ya ninka na gwamnati sau da yawa, kuma wanda aka tarba da fara'a yakan ji nauyin tambaya. A daure a tambaya: ina takardar izninku daga ma'aikatar ilmi mai zurfi, fannin nan da kuke tallatawa yana cikin iznin, wace jami'ar gwamnati ce take sa muku ido?

Haka nan maganar Mubi. Mu mutanen Mayo-Ulo kasuwarmu da dangantakarmu suna tsallaken iyaka, ga babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya a Mubi, ga jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a garin a 2002, ga kuma Yola a gaba. Abin da ya faru a 2012 da aka kashe ɗalibai a Mubi, da 2014 da 'yan Boko Haram suka kama garin na ɗan lokaci, ya sa iyaye da yawa sun ja baya a waɗannan shekaru. Duk da haka, uban da ya je can aka amsa masa da Hausa, aka ce Baba bismilla ga wuri, zuciyarsa takan kwanta nan take. Abin da ba lalle a gaya masa ba shi ne karatun da Turanci ne, shiga kuma tana da nata sharuɗɗa ta hannun hukumar JAMB, sa'an nan in yaro ya gama ya dawo yana neman aikin gwamnati a Kamaru, sai ya nemi a daidaita masa takardarsa a ma'aikata a Yawunde, wanda wata tagar ce kuma.

Kada a ce mun ɗora wa ma'aikatan sikolarite laifin duniya. Mutum uku ko huɗu a ɗaki mai zafi, dubban dosiye, wa'adi daga sama, ga 'yan kamasho suna shawagi a bakin ƙofa suna ce wa baƙi kawo a shigar maka ta baya. Akwai kuma na kirki a cikinsu waɗanda ba a labarinsu, irin wata baiwar Allah da muka ji yara suna yi wa addu'a don takan rubuta musu duk abin da ya rage a bayan ambulan da hannunta.

Roƙonmu ga shugabannin jami'o'in nan uku bai fi ƙarfinsu ba. Da zarar bak ya fito, a turo mutum biyu da tebur su kwana ɗaya a Gider, ɗaya a Mayo-Ulo ranar kasuwa, su duba takardun yara tun suna kusa da ofishin da zai gyara musu. A karanta jerin abin da ake bukata da ranakun konkur a rediyon Garwa da Fillanci da Hausa, ba a liƙa a allon da ke cikin harabar makaranta kaɗai ba. Mu kuma a namu ɓangaren, 'ya'yanmu da suka riga suka shiga suna gida hutu a daidai wannan lokaci. Sarkin Hausawa da limamai su sa a yi sanarwa bayan sallar Juma'a, a ba su zaure guda da tabarma, duk wanda ya ci bak ya zo da takardar haihuwarsa da katinsa da sakamakonsa a jera su a karanta harafi harafi, a raka shi shagon kwamfuta, wanda zai tafi Garwa kuma a haɗa shi da wanda ya san ƙofar. Iyayen da 'ya'yansu ke ajin ƙarshe bana, tun yanzu a buɗe akwati a fito da takardar haihuwar a gwada sunan da ke jikinta da wanda ke rajistar lise.