FILIN HISABI: Lambar Da Ba Ta Barin Saura

A wannan wata za mu duba lamba 2520, wadda malaman hisabi na da suke ji da ita ƙwarai.

Dalili kuwa shi ne, ita ce lamba mafi ƙanƙanta da za a raba gida 2, gida 3, har zuwa gida 10, ba tare da ko ɗaya ya yi saura ba. Rabinta 1260, sulusinta 840, rubu'inta 630, humusinta 504, sudusinta 420, subu'inta 360, sumuninta 315, tusu'inta 280, ushirinta 252.

To, daga ina wannan baiwa ta fito? Duk lambar da za ta yi wannan aiki dole ta rabu da 8, da 9, da 5, da 7, kuma waɗannan huɗu ba su haɗa komai a tsakaninsu ba. Idan aka riɓanya su, 8 sau 9 sau 5 sau 7, sai a sami 2520 daidai. Sauran duk suna cikinsu: 6 ai 2 ce sau 3, 10 kuma 2 ce sau 5. Mai son haddace ta sai ya ɗauki kwana 7 na mako, sau kwana 30 na wata, sau wata 12.

Masana sun kasa lambobi kashi uku, gwargwadon jimillar lambobin da ke raba su. Akwai cikakkiya, kamar 6, domin 1 da 2 da 3 sun ba da 6. Akwai mai tawaya, kamar 8, domin 1 da 2 da 4 sun tsaya a 7. Akwai kuma mai rara, nan ne tamu ta faɗa. Lambobi 48 ke raba 2520, in aka cire ita kanta aka tara sauran 47, sai a sami 6840.

Kada wani ya ce wannan wasan yara ne. A ce mutum ya rasu ya bar fam dubu 2520, da mata, da uwa, da uba, da ɗa, da 'ya. Mata sumuni, 315. Uwa sudusi, 420, uba ma 420. Saura 1365, a kasa uku: ɗa 910, 'ya 455. Kowa ya ga hakkinsa a fili. Sau nawa zumunci ya lalace a unguwanninmu saboda an rasa mai iya wannan rabo?

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a gidanmu. Malam Muhammadu al-Katsinawi ya bar Katsina ya yi aikin hajji, ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya raba yaranmu da aji na dogon lokaci. Iyaye, kada mu zuba ido. Da 'ya'yan dabino ko tsakuwa ma ana koya wa yaro rabo a tsakar gida.

Ga tambayar wannan wata: wace lamba ce mafi ƙanƙanta da za ta rabu daga gida 2 har gida 12? Amsa sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.