Lasisin Bindiga Ba Ya Ƙetare Iyaka

Tun da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin Jibiya da Illela, wasu 'yan kasuwa sun fara shawarar ajiye bindiga cikin mota domin kare kansu. Mun san halin da ake ciki, amma ya kamata kowa ya san abin da doka ta tanada.

A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta ce bindigar yaƙi irin su AK-47 sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da ita ba izini, ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙarancin hukuncinsa. Ko bindigar toka ta maharba tana bukatar lasisin 'yan sanda. Wannan lasisi kuwa a kan iyaka yake ƙarewa, ba ya amfani gaban jandarma a Ɗan Isa ko Birnin Ƙwanni. Ficewar Nijar daga ECOWAS a 2025 ba ta sassauta komai ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne saƙo. Tun faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011 makamai ke kwararowa ta hamada, kuma masu safararsu ba sa ɗaukar kayan da kansu. Sai a kawo wa direba buhu ɗinkakke a tasha, a ce gero ne, a biya shi ninkin kuɗin mota. Idan kwastan suka farke buhun, mai kayan ya ɓace, direba da yaronsa ke shiga hannu, motar da ake ci da iyali kuma a tsare ta.

Muna kira ga shugabannin tashoshin Jibiya, Illela da Maigatari da su tilasta buɗe kowane saƙo gaban mai shi, a rubuta sunansa da lambar wayarsa kafin a yi lodi.