A Tanadi Matacin Ruwa Kafin a Sayo Manyan Kifaye

Ya kai mai kiwon kifi, ko naka na ado ne a cikin babban tankin gilashi irin wanda ake ajiyewa a zauren otal da ofis, ko na kasuwa ne a tankin siminti ko na roba a bayan gida, wannan kira naka ne. Abin da aka saba gani shi ne mutum ya kashe kuɗinsa wajen tanki da manyan kifaye, irin su tarwaɗa da ramboshi da bargi da giwan ruwa, sannan ya sayi matacin ruwa da canjin da ya rage. A ra'ayina wannan tsari a juye yake. Mataci ya kamata a fara lissafawa, kuma a auna girmansa da yawan abincin da za a riƙa zuba wa kifin kullum.

Ruwa garau yana iya zama guba

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Babban abin da ke ɓata ruwan tanki shi ne sinadarin amoniya, wanda kifi ke fitarwa ta kunnuwansa, wato inda yake shaƙar iska, bayan ya narkar da furotin da ke cikin abinci. Amoniya ba ta da launi, don haka ruwa zai iya kasancewa garau alhali kifi na shan wuya a cikinsa.

Ga lissafin da ya kamata ka riƙe. Kilo 1 na abinci mai furotin kashi 35 cikin 100 yana haifar da kimanin giram 30 na amoniya. Idan tankinka na cin lita 1,000 kana zuba giram 100 na abinci a rana, to kana ƙara miligiram 3 na amoniya a kowace lita kullum. Abin da ake so shi ne kada ta kai miligiram 1 a lita, a tankin ado kuwa kada ma'auni ya nuna ta ko kaɗan. Ka ga ke nan kwana guda ya isa a wuce iyaka idan babu abin da ke cinye ta. Haka kuma dafinta na ƙaruwa da zafi da kuma hawan ma'aunin pH: daga pH 7 zuwa 8, kason da ke cutar da kifi yana ninkawa kusan sau 10.

Tarwaɗa ta kan yaudari mai ita, domin tana iya leƙowa ta shaƙi iska a saman ruwa, saboda haka ba ta saurin mutuwa. Sai dai cinta ya ragu, girmanta ya tsaya, cuta ta same ta, mai kiwo kuma ya ɗora laifin a kan iri ko kamfanin abinci.

Ayyuka biyu na mataci

Aiki na farko shi ne tare kashin kifi da ragowar abinci. Soso mai manyan ƙofofi da raga suna yin wannan, haka ma ɗan tanki mai tsukakken gindi inda datti ke kwantawa a buɗe bututu a zubar. Dattin da aka tare ba a fitar ba yana nan yana ruɓewa a cikin ruwan, don haka a wanke wannan sashe duk kwana 2 ko 3.

Aiki na biyu, wanda ya fi muhimmanci, wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke yin sa. Tun wajen 1890 masanin nan ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, ya ware su ya nuna aikinsu. Wasu, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya ta zama naitirait. Wannan ma guba ce, domin tana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin har ya koma ruwan ƙasa. Wasu kuma, musamman Nitrospira, suna mayar da naitirait ta zama naitiret, wadda ba ta da haɗari sosai. A 2015 an gano cewa wasu nau'o'in Nitrospira suna iya yin matakan biyu su kaɗai.

Waɗannan ƙwayoyi a jikin abu suke maƙalewa. Aikinka shi ne ka tanadar musu wurin zama mai yalwa, kamar tsakuwa mai rami-rami, ko sosan roba, ko ƙananan robobin nan da ake kira K1, waɗanda aka ƙirƙiro a ƙasar Norway domin tsabtace ruwan kwata. Suna kuma buƙatar iska sosai, domin cinye giram 1 na amoniya yana cin fiye da giram 4 na oksijin.

Wane iri za ka zaɓa?

Ƙananan matatai da ake rataye wa a gefen gilashi an yi su ne domin ƙananan kifaye. Ga manyan kifaye na fi amincewa da tanki na biyu da ake ajiyewa a ƙasa ko a gefe, mai cin aƙalla kashi 1 cikin 5 na ruwan babban tankin, a raba shi gida uku: na tare datti, na bakteriya, da na injin da ke mayar da ruwa. A tankin ado a nemi injin da zai zagaya da ruwan duka sau 4 zuwa 6 a awa. Ka lura cewa adadin da aka rubuta a kwalin inji yana raguwa idan zai tura ruwa sama.

Rufaffen mataci mai kama da tukunya yana da kyan gani, amma a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sanarwa yana da illa. Idan ruwa ya tsaya a cikinsa na wasu awoyi iska ta kan ƙare, bakteriya su raunana, ruwan ya yi ɗoyi, wuta na dawowa kuma ya kwarara kan kifi. Wanda ruwa ke yayyafowa ta sama ya ratsa cikin iska ya fi jure wannan. Ko wanne ka zaɓa, ka haɗa da injin hura iska mai batir ko mai aiki da hasken rana.

Masu cewa canjin ruwa ya wadatar

Wasu za su ce a zubar da ruwa kullum a zuba sabo, ba sai an sayi komai ba. Inda akwai rafi mai gudana kyauta, maganarsu tana kan hanya. Amma wanda ke jawo ruwan burtsatse da janareta ya san yadda kuɗin mai ya tashi tun da aka cire tallafi a 2023, kuma rijiyoyi na ja da baya a bazara, daidai lokacin da zafi ke ƙara wa amoniya dafi. Mataci bai hana canjin ruwa ba, rage shi yake yi. A tankin ado kashi 20 zuwa 30 cikin 100 a mako kan wadatar domin rage naitiret. Ruwan da aka fitar kuma kada a zubar a kwata, a kai shi lambu, domin taki ne ga alayyafo da tumatir da kuɓewa.

Kula da mataci

Sabon mataci yana ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin bakteriya su kafu. A wannan lokaci a fara da kifi kaɗan da abinci kaɗan. Ɗauko ɗan soso daga tsohon mataci mai lafiya yana gaggauta lamarin.

Kada a wanke sashen bakteriya da ruwan famfo mai kilorin, ko da omo. A ɗauraye shi a hankali cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin, rabi yau, rabi bayan mako 2. Ruwan famfon da za a ƙara a bar shi ya kwana a buɗe tukuna.

Aikin bakteriya yana sa ruwa ya yi tsami a hankali. Ɗan buhun raga mai ɓawon katantanwa ko dutsen farar ƙasa, irin na masu haɗa abincin kaji, yana gyara wannan. A guji kanwa da toka, domin suna ɗaga pH farat ɗaya. Gawayin da aka sarrafa domin tace ruwa yana cire launi da wari, amma ba ya cire amoniya. Da hunturu bakteriya suna rage aiki, sai a rage abinci.

Kammalawa

Ka sayi kayan gwajin amoniya da naitirait da pH, ka auna ruwanka kowane mako, ka rubuta a littafi. Idan ka ga sun hau, dakatar da abinci na kwana guda, ka canza kashi 1 cikin 3 na ruwan, ka duba ko inji ya toshe. Kifi kullum girma yake yi, cinsa na ƙaruwa, don haka ka yi lissafin mataci da abincin da za su ci ranar da suka kai girmansu. Idan kuɗin hannunka bai kai wannan ba, ka rage yawan kifin. Domin ƙarin bayani tuntuɓi malamin gona na yankinka.